Saratu, Na Ji Muryata

Zuwa ga matata Saratu, Maman Rahila.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa masu haƙuri. Ni ina nan Makera inda kika bar ni. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna ba na alƙalami ba ne. Ɗan baƙin da na iya, a ajin manya na coci na tsince shi, da furfura a kaina. Kwana biyar ke nan ina jan wannan takarda, in rubuta layi biyu in tashi, in zaga tsakar gida in dawo, don zama wuri guda ya gagare ni yanzu.

Ina da ƙara a kanki, kuma ba yau na fara kawo ta ba. Shekara talatin da huɗu da muka yi tare ina kawo miki ita, shekara shida da tafiyarki ina kawo wa bango. Me ya sa gidana yake mutuwa idan na shigo?

Kada ki ce ba ki gane ba. In taso daga aiki a Kakuri a kan kekena, in kawo bakin ƙofa, in hango ki ta zaure kina dariya, baki buɗe, kai a baya, Rahila tana rataye a wuyanki. Da na jingine keken, shi ke nan, kamar an hura fitila. Ki miƙe ki gyara ɗankwali. Yarinya ta sulale ɗaki. Hannunki ya kai kan rediyo ya kashe. Ni da na kwaso gajiya, ina so in shigo cikin dariyar nan a yi da ni, sai in tarar an kwashe ta an ɓoye kamar naman da ba a so baƙo ya gani.

Ki kawo mini tuwo. Ki koma gefe ki zauna a bakin kujera, rabin jikinki a sama. Ban taɓa ganin kin cinye abinci a gabana ba. Kullum cikinki ya cushe. Amma na sha fita in dawo ɗaukar hular da na manta, in same ki da loma a hannu kina ci kamar kowa.

Na tambaye ki ya fi a ƙirga. Amsarki guda ce: "Ba komai, Maigida." Na tsani ba-komai ɗin nan fiye da zagi. Zagi dai mutum ya san inda zai kama shi.

To, ni ma na yi wa kaina fassara. Na ce raini ne. Na ce 'yan gidanku ne da suka yi boko suke hure miki kunne, wai kin auri jahili. Na ɗora laifin a kan yayarki Hannatu, na hana ta taka mini gida, muka shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji. Ranar jana'izarki kuma, ana saukar da ke, na ga bakinta ya ce, "Ta huta." Da idona na karanta. Har yau ban yafe mata ba, kuma ban ce zan yafe ba.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa zama na gaya miki ba, don a lokacin na ɗauka ba maganar mata ba ce.

Ke ba ki taɓa shiga ɗakin saƙa na masaƙar da nake aiki ba. Iyakarki bakin get, ranar da na manta kwanon abinci. A ciki injuna ne jere, layi bayan layi, iya ganinki, kowanne ƙoshiyarsa tana kai da komo tana bugawa. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba. Ta ƙasa take shigowa, ta bi ƙafa, ta hau har haƙora. Awa takwas. Idan zan yi wa na kusa da ni magana, sai in kafa bakina a kunnensa in ƙwala kamar mai kiran wani a hayin kogin Kaduna. Sauran kuma da ido ne, mu karanta bakin juna.

Masu masaƙa suna raba mana auduga mu toshe kunne, ba zan yi musu ƙarya ba. Mu ne ba ma sawa. Sabon shiga ne yake sa auduga, shi ma kwana biyu zai cire don tsiya. Malam Isa, abokina na Unguwar Mu'azu da muke layi ɗaya, shi ne sarkin tsokana. Da ya ga mai auduga sai ya ce, "Amarya, a koma gida a yi lalle." Kuma muna da dalilinmu. Masaƙi da kunne yake aiki. Idan inji zai ɓata yadi, muryarsa ce take fara canzawa kafin ido ya ga komai. Mai auduga sai ya lalata yadi goma bai sani ba, foman, mai kula da aikinmu, ya zo ya tsaya a kansa. Ni kuwa injuna shida nake riƙe da su, kowanne na san kukansa kamar yadda kika san kukan Rahila cikin yaran layi. Foman da kansa yakan zo ya ja ni in saurari injin wani. Da kunnena nake taƙama, Saratu. Da shi na ciyar da ku.

Da aka rufe masaƙa ma, da wa nake zama? Da su Malam Isa, a gindin bishiyar mai shayi, dukanmu tsofaffin ɗakin saƙa. Muna hira mutane suna tsayawa wai za su raba faɗa, mu yi ta yi musu dariya. A coci aka cire ni daga cikin masu waƙa, na ce hassada ce. Mai kanti ya ce mini, "Baba, a hankali mana," na daina sayen komai a wurinsa. Kowa ya canza mini, kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa kamar munafuki. Haka na gani.

Ke kuma ciwon kai ya sa ki gaba. Ki ɗaure goshi da ɗankwali. Ki ce ƙirjinki yana bugawa, in ce raki ne. Asibiti suka ce hawan jini, suka ba ki ƙwayoyi, wata rana ki sha wata rana ki ce kin ji sauƙi. Sai safiyar nan da kike wanki a bakin famfo, na fito na ga rigata ta coci a jiƙe, alhali ita zan sa. Na kira sunanki. Kika juyo, kika buɗe baki, maganar ba ta fito ba, kika zame gefe guda. Kwana tara kika yi a gadon asibiti. Ba sai na ƙara ba, kina wurin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Rahila ta cika talatin da takwas. Tana koyarwa, yaranta uku, ita ma an ce jininta ya fara hawa. Kowace Lahadi bayan sujada takan zo ta duba ni, ta share ɗaki, ta bar miya. Kusan wata uku da suka wuce mai a-daidaita-sahu ya kusa kwashe ni a bakin titi, ya rantse ya yi ta danna oda. Ni ban ji komai ba, na ce ƙarya yake. Rahila ta ji labari ta kafe sai mun je asibitin kunne. Na ce ba inda za ni, kunnena ya fi na likitan. Ta zauna, ta ƙi tafiya gida. Na bi ta don in huta.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki aka kifa mini abu a kai, wai in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jira su fara. Ashe sun gama.

Bayan mako biyu muka koma, likita ya maƙala mini wata 'yar na'ura a bayan kunne, ba ta kai ƙwayar dabino ba. Ya murɗa. Na ji fanka tana juyawa. Na ji takalmin wata nas a baranda. Na ji takarda tana motsi a hannunsa. Na buɗe baki in ce masa na gode.

Saratu, wani ƙato ya daka tsawa a cikin ɗakin.

Na zabura na miƙe, kujera ta faɗi. Zuciyata ta hau dukan ƙirjina kamar za ta fasa shi. Yawun bakina ya ƙafe nan take. Tafin hannuna ya jiƙe. Na waiga ina neman wanda ya yi ihun, hannuna a dunƙule. Ba kowa. Likita ne, da Rahila, da ni. "Na gode" ɗina ne na ji.

Likitan yaro ne a kaina amma yana da hankali, bai yi dariya ba. Ya ce na'urar takan ƙara wa mutum jin muryarsa da farko, zai rage ta. Ya rage. Na sake magana. Har yanzu tsawa ce, sai dai ta matsa baya kaɗan. Na dubi Rahila. Kafaɗunta sun haɗe da kunnuwanta, idonta a ƙasa, ta zauna a bakin kujera rabin jikinta a sama. Ke na gani.

Likitan ya zaunar da ni ya ɗaura mini abin awon jini, ya ga inda ya kai, sai ya ce in huta ya yi mini bayani. Zan faɗa miki yadda na riƙe, in na ɓata wani wuri ke kin fi ni sani, tunda a jikinki aka yi.

Ya ce a cikin kan mutum akwai wani wuri kamar mai gadi, wanda ba ya jiran izinin oga. Da ya ji ƙara mai ƙarfi, kafin hankali ya tantance mene ne, ya riga ya aika saƙo ƙasa. Akwai wasu 'yan abubuwa biyu zaune a kan ƙoda, su ne suke zuba wani ruwa cikin jini. Ruwan nan shi yake sa zuciya gudu, hanyoyin jini su tsuke, numfashi ya gajarce, sukari ya kwararo cikin jini don a sami ƙarfi. Ciki kuma a ce masa ya dakata da aikin abinci, ba lokacinsa ba ne. Duk don mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Ya ce abu ne mai kyau, shi yake fid da mutum daga gaban mota. Amma an yi shi ne don ya zo ya wuce. Idan kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru, jiki yakan manta hanyar komawa daidai. Barci ya lalace, ciki ya lalace, jini ya hau ya ƙi sauka. Da Turanci ya kira shi sitires. Na ce masa mu a masaƙa jiniya muke da ita, a busa a canza shif a kashe. Ya ce to in ɗauka an busa an manta ba a kashe ba.

Sai ya faɗi wadda ta tsaya mini a wuya. Ya ce mai gadin nan ƙarfin murya yake fara ji, ma'anar magana daga baya take isowa. Kuma yana da koyo. Idan ya saba tsawa tana biyo bayan wani abu, to abin nan kaɗai ya isa ya tashe shi, ko da tsawar ba ta zo ba.

Wato ƙarar sarƙar kekena a bakin ƙofa. Wato kafin ki gane "sannu da gida" na ce, jikinki ya riga ya gama shirin gudu. Wato cikin da kike cewa ya cushe, da gaske ya cushe.

A hanyar dawowa muna cikin a-daidaita, ni da Rahila a baya. Komai na garin nan yana shiga kaina, oda, janareto, masu talla, ban san Kaduna tana da surutu haka ba. Na tambaye ta, ina ƙoƙarin yin ƙasa da murya, ko haka suke ji na tun da. Ta ce, "Tun ina goye, Baba." Ta ce ke ce kika hana a gaya mini. Wai kin ce idan na san kunnena ya tafi zan kai kaina asibitin masaƙa da taurin kaina, su sallame ni. Da aka rufe masaƙar kuma, kin ce mutumin da aka raba da aikinsa ba za a ƙara masa da cewa kunnen da yake taƙama da shi ya mutu ba. Da ta tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ta ƙara. Ta ce har yau idan sunana ya fito a wayarta sai gabanta ya faɗi, sai ta dafa bango ta ja numfashi kafin ta ɗauka.

Kin san ni. Na ji abin ya taso mini daga ciki, zafi ya hau wuyana. Na ce mata wato ni na kashe uwarta ke nan, ta fito fili ta faɗa. Kuma wannan karon na ji da wace murya na faɗa. Mai a-daidaita ya taka birki ba wanda ya ce ya tsaya. Rahila ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sauka, ta biya shi ya kai ni har gida, ta tsallaka titi. Mako bakwai ke nan. Lahadi bakwai. Saƙo take turowa a rubuce, "Baba ka sha magani," shi ke nan. Idan na kira ba ta ɗauka.

Yanzu ki tsaya in kare kaina, don ba wanda zai kare ni. Ban taɓa ɗaga miki hannu ba. Ban taɓa kwana a waje ba sai a bakin inji. Ban bar ku da yunwa ba ko ranar da aka rufe get aka bar mu tsaye a rana. Mutum ya yi ihu bai san yana yi ba, laifinsa ne? Wanda ya taka ki a duhu da wanda ya taka ki da rana ɗaya ne? Ku kuna ji, ni ba na ji. Ku ne masu kunne. A cikinku duka, da ke, da Hannatu mai boko, da fastoci nawa da suka wuce, a rasa mai kama hannuna ya ce, Ayuba, muryarka tana tsorata iyalinka? Mai kanti kaɗai ya gwada, shi ma rabin magana ya yi.

Na rubuta wannan jiya na tashi. Yau na karanta, gaskiya ne, ba zan goge ba. Amma akwai saura.

Ba duka ne kurumta ba. Akwai ranakun da da gangan na yi. Ranar da foman ya zagi ubana a gaban sababbin yara, na haɗiye, na yi awa takwas haƙorana a cije, na zo gida na shure bokitin ruwan da kika ɗebo. Can ba ni da bakin magana, nan nake da shi. Likita ya ce ni ma ƙarar injuna ta yi mini irin wannan aikin, wai jikina ya shekara talatin a ɗaure. To, na ji. Amma ni ina da inda nake saukewa. Ke a ina kike sauke naki?

Akwai kuma wadda ta fi ci mini rai. Likitan ya koya mini wata dabara, wai idan abin ya taso in ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, haka jiki yake gane cewa haɗari ya wuce. Na ce masa numfashi kuma sai an koya wa tsoho? Na zo gida na gwada a ɓoye. Yana aiki. Ina cikin yi sai na ji irin sautin da ya fito daga bakina. Ajiyar zuciya ce, Saratu. Irin taki. Wadda nake ganin ƙirjinki ya ɗaga ya sauka in ce rashin kunya ne, mace tana yi wa mijinta ajiyar zuciya kamar ya gundure ta. Na hana ki yi a gabana, kika daina. Ɗan maganin da jikinki ya samo wa kansa, ni na ƙwace.

Tun ranar da Rahila ta sauka daga a-daidaitan nan jiniyata ba ta mutu ba. Wuyana a sandare. Abinci ya koma kamar auduga a bakina. In zauna in tashi, in fita bakin ƙofa in duba layi in dawo. Waya ta yi haske, zuciyata ta yi tsalle, in duba in ga 'yan talla ne. Na rame har wandona yana neman igiya. Mako bakwai kawai, ga ni na gaza. Ke kika yi shekara talatin da huɗu, kina dafa abinci a ciki, kina goyo a ciki, kina zuwa zumuntar mata da fara'a.

Na koma wurin likitan ni kaɗai, na ce ya ba ni amsa ɗaya, e ko a'a. Ya ce ba zai iya ba. Wai hawan jini yana da iyaye da yawa, akwai gado, akwai gishiri, akwai shekaru, akwai maganin da ba a sha kullum. Wai zaman fargaba yana iya ƙarawa, amma ba wanda zai auna ya ce kashi kaza nawa ne. Na ce masa da injin saƙa ne da na gaya masa wane ƙarfe ya ci wane. Ya ce mutum ba inji ba ne. Na je wurin Fasto, ya ce in bar wa Allah. Na ce ai Allah ya sani, ni ne ban sani ba.

Na je Unguwar Mu'azu wurin Malam Isa, na cire na'urar na ce ya gwada ya ji kansa. Ya ture hannuna ya ce, "Kai dai ka jawo wa kanka, ni bar ni da kurumtata, abin da ban ji ba bai faru ba." Muna zaune ya kira Hajiyarsa ta kawo ruwa, sai da na dafe kunne. Ita kuwa daga cikin gida ta mayar masa da wadda ta fi tasa, wai shi makaho ne bai ga buta a gabansa ba. Ga ta nan garau, ta yi ƙiba, tana aurar da jikoki. Na dawo ina ta tunani a hanya. Me ya sa ba ki rama ba, Maman Rahila? Sau ɗaya. Ki ƙwala mini ihu ki ce Ayuba ka ishe ni. Da na yi fushi kwana uku, na sani. Da wataƙila na ji.

Kajinki suna nan, jikokin jikokin waɗanda kika bari. Da su nake koyon magana yanzu. In fito da safe da tsaba in tsuguna in ce musu ina kwana. Idan suka watse, na san na yi yawa, in sake. Makon farko ko ɗaya ba ta tsayawa. Shekaranjiya na yi musu hira mai tsawo, na ba su labarin ranar da na fara ganinki a bikin ƙauyenku kina raba kunu, wata baƙar kaza har ta ci a tafin hannuna. Tsoho da furfura yana zance da kaji. Maƙwabta sun ɗauka na fara taɓuwa. Su ɗauka.

Ban san muryarki ba, kin san haka? Ina nufin ta shekarun baya. Ta amarci na riƙe, siririya, tana ɗan rawa idan kina jin kunya. Bayan nan bakinki kawai nake karantawa. An ce kina waƙa idan kina tsintar shinkafa. Kowa a layin nan ya ji, ban da ni. Yanzu da aka buɗe mini kunne ina jin ɗigar famfo, ina jin ƙadangare a kan kwano, ina jin cokalin maƙwabta, duk abin da ba ni da bukata. Wadda nake so in ji an rufe ta da ƙasa.

Ubangiji ya ba ki kwanciyar da ba ki samu a ɗakina ba. Ya sa inda kike ba mai kiran sunanki ki firgita. Ya kwantar wa Rahila da jininta, ya raya ta ta ga jikokinta, ko da nesa da ni ne lafiyarta. Ni kuma ya yi mini abin da ya ga dama, amma kada ya ɗauke ni ban sani ba. Amin.

Na san ba za ki amsa ba, ko da ranki ma ba-komai za ki ce. Amma ba a shekara talatin da huɗu da abu a ciki ba a faɗa wa kowa ba. Kin faɗa wa wani. Shi ya sa zan kai wannan takarda wurin sakatariyar zumuntarku, ta ɗauke ta a waya ta tura wa matan da kuka yi addu'a tare, har ta kai ga Hannatu, har ta kai ga 'yarki. A cikinsu akwai wadda kika riƙe hannunta kika gaya mata abin da kika ɗauke ni. Ko kurma ne da kike tausayi, ko azzalumi ne da kike tsoro. Ko kin tafi kina ganin ni na kai ki.

Wadda ta sani ta zo ta faɗa mini. Ba na son a lallashe ni, ba na son a ce in bar wa Allah, an riga an ce. Idan Hannatu ce, na buɗe mata ƙofar da na rufe, ta shigo ta faɗa a gabana ba a bakin kabari ba. Idan Rahila ce, ta tsaya daga zaure in ta fi son haka, ba zan matso ba, ba zan katse ta ba, zan sa hannu in rufe bakina har ta gama. Idan e ne a ce e, in san abin da zan roƙi gafara a kansa tun ina da numfashi. Amma wani ya amsa mini. Ba sai an ɗaga murya ba, ko a hankali aka faɗa zan ji.

Ni ne mijinki,
Ayuba, Baban Rahila
Makera, Kaduna